Kafin Ki Rataya Fitila Mai Ruwan Zinariya A Falonki

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata aba da ta shigo cikin kayan ɗaki da ƙarfinta, har wasu na ganin jere bai cika ba sai da ita, watau fitilar nan mai rassa da ake ratayawa a tsakiyar falo, wadda 'yan kasuwa ke kira shandaliya. Cikinsu kuwa wadda ta fi shiga ran mata ita ce mai ruwan zinariya, mai duwatsun gilashi suna reto, wadda in an kunna ta da dare sai ka ce ɗakin ya yi wanka.

Ba laifi ba ne mace ta so ɗakinta ya yi kyau. Amma ina so ki riƙe magana guda tun daga farko: aikin fitila shi ne haske. 'Yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi, su yaba ko su kushe, su kama gabansu. Ke ce za ki zauna ƙarƙashinta shekara da shekaru, ke da maigida da yara, ke ce za ki goge ta, kuma daga aljihun gidanku kuɗin wutarta zai riƙa fita. Saboda haka a yi zaɓen da idon mai zama a ɗakin.

DAGA INA TA FITO?

Sunan nata daga Faransanci ya samo asali, daga kalmarsu ta kyandir. A zamanin da, a majami'un Turai, katako biyu ake gicciyawa a kafa musu ƙusoshi, a soka kyandirori, a ja da igiya zuwa sama domin haske ya kai ko'ina. Daga baya sarakuna da attajirai suka mai da ita abin gasa, aka shiga yin ta da tagulla da gilashi. Larabawa kuwa suna kiranta surayya, sunan tarin taurarin nan da mu Hausawa muke kira kaza da 'ya'yanta, kuma duk wadda ta dube ta da dare ta san dalilin sunan.

Da yawa daga cikinmu a Makka da Madina muka fara ganin manyan irinta, ko kuma a hotunan masallatai da fadoji na ƙasashen waje. A fadar Dolmabahce da ke Santambul akwai wata mai ƙwai 750, nauyinta tan huɗu da rabi. A masallacin Shaihu Zayid na Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2007, akwai guda bakwai. Abin lura a nan shi ne, duk an yi su ne domin gine-gine masu tsawon rufi ƙwarai, inda fitila za ta yi nesa da kan mutane. Falon gidan haya mai rufin ƙafa tara ba haka yake ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

ZINARIYAR GASKE CE?

A'a. Hatta waɗancan na masallacin Abu Dabi, jikinsu ƙarfe ne da tagulla, aka shafe su da ruwan zinariya. To, ina ga wadda za ki tarar a shagon kayan wuta a Sabon Garin Kano ko Kaduna? Mafi yawan waɗannan daga ƙasar Sin ake kawo su, musamman daga wani gari da ake kira Guzhen a kudancin ƙasar, wanda ya yi suna a duniya wajen ƙera fitilu. Kada mai shago ya ce miki "gwal ce" ki ƙara masa ko kwabo a kan wannan kalma. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne, mene ne a ƙarƙashin ruwan?

Iri huɗu za ki fi samu. Akwai ta tagulla, wadda ita ce mafi nauyi da tsada da ƙarko, ba ta tsatsa, sai dai ta dushe a goge ta ta dawo. Akwai ta baƙin ƙarfe da aka yi wa ruwan zinariya ko fenti, wadda ita ta fi yawa a kasuwa. Tana da kyau muddin ruwan bai karce ba, amma da zarar ya karce, damina ɗaya ta isa tsatsa ta ɓullo. Akwai ta alminiyam, mara nauyi, ba ta tsatsa. Sa'an nan akwai ta roba da aka fesa wa launi, wadda ita ce mai araha, kuma ita ce mai saurin koɗewa da ɓarewa in zafin ƙwai ya dake ta.

Gane su ba wuya. Ki tafi da ɗan maganaɗisu a jakarki, ko da irin wanda ake cirowa daga tsohuwar rediyo ne. In ya manne a jikin fitilar, baƙin ƙarfe ce. In bai manne ba kuma ta yi nauyi a hannu, ana sa ran tagulla ce. In bai manne ba kuma ba nauyi, to, alminiyam ce ko roba. Ki kuma leƙa cikin murfin nan da ke haɗuwa da rufi, domin nan ne ba su cika damuwa da shafa launi ba, sai ki ga ainihin jikinta.

Haka nan duwatsun. Na gilashi suna da sanyi in kin ɗora a kumatu, suna da nauyi, kuma in biyu suka bugi juna za ki ji ƙara siririya. Na roba ba sanyi, ba nauyi, ƙararsu a dakushe take, kuma da an jima sai su koma ruwan ɗorawa. Ki roƙi mai shago ya ƙara miki 'yan duwatsu na ajiya, domin in ɗaya ya fashe bayan shekara biyu da wuya ki sami irinsa.

KI AUNA ƊAKIN TUKUNA

Babban abin da ke ruɗin mai saye shi ne, a shago kowace fitila ƙarama take zama a ido, saboda rufin shagon na da tsawo kuma tana cikin 'yan'uwanta. Sai an kawo gida a ga ta cika ɗaki. Maganin wannan shi ne awo kafin a fita.

Masu ƙawata ɗakuna suna da wani lissafi mai sauƙi. A auna tsawon ɗaki da faɗinsa da ƙafa, a haɗa su, abin da ya bayar shi ne faɗin fitilar da inci. Misali, falo mai ƙafa 14 a tsaye da ƙafa 12 a kwance, in an haɗa 26 ke nan, sai a nemi fitila mai faɗin inci 26 ko kusa da haka. Ɗaki mai ƙafa 10 da 10 kuwa inci 20 ya ishe shi. Ku 'yan mata 'yan makaranta, ga inda lissafin aji yake amfani a gida. Ku ari tef ɗin tela ku auna wa iyayenku, ku rubuta a takarda su tafi da ita kasuwa.

Bayan faɗi sai tsawo. Tilas ne a bar aƙalla ƙafa 7 tsakanin ƙasa da gindin fitilar a duk inda mutane ke wucewa. In rufinki ƙafa 9 ne, ke nan fitilar da sarƙarta duka kada su wuce ƙafa 2. Ki tuna da maigida in dogo ne ya sa hula, ki tuna da ɗaurin ɗankwalin baƙi, ki tuna da ranar da za a shigo da katifa ko kabad. In rufin gajere ne, ki nemi irin wadda ke mannewa a jikin silin ba tare da sarƙa ba. Inda aka yarda ta sauko ƙasa sosai shi ne bisa teburin cin abinci, domin ba mai bi ta wurin, nan ma a bar kamar inci 30 zuwa 36 daga saman tebur.

ME ZAI RIƘE TA?

Wannan shi ne wurin da ya shafi rai, don haka a karanta da kyau. Fitila mai gilashi tana da nauyi, kuma ƙarƙashinta ne yara ke kwanciya suna kallo, nan ake shimfiɗa jariri. Silin na kwali ko na roba ko na POP ado ne kawai, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. In aka ɗaura fitila a jikinsa da kusoshi, za ta iya yin wata da watanni lafiya, sai ranar da rufi ya yi yoyo ko iska ta girgiza gida ta taho gaba ɗaya.

Dole ƙugiyar da za ta riƙe ta ta shiga cikin katakon rufi mai ƙarfi, ko kuma cikin kankare in bene ne. Nauyin kuma ya kasance a kan sarƙa ko sandar ƙarfe, kada ya kasance a kan wayar wuta ko kaɗan. In ana cikin gini ne ko gyara, a gaya wa masu silin tun da wuri inda za a rataya ta, su bar ƙugiya. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida kafin a huda masa rufi, kuma ki tambayi kanki ko fitilar za ta jure kwancewa da ɗaurawa ranar tashi.

Sa'an nan ga fanka. A yawancin ɗakunanmu ƙugiya ɗaya ce a tsakiya, kuma ta fanka ce. Kada ki yarda a cire fanka don a rataya fitila, domin watan Afrilu na nan tafe, kuma ba a fifita da gilashi. In za a sa su duka biyu, a nesanta su yadda fukafukan fanka ba za su kai kusa da ita ba, kuma kada fitilar ta kasance sama da fukafukan. In haske na bi ta tsakaninsu sai ɗaki ya riƙa walƙiya, abin da ke gajiyar da ido da sa ciwon kai. In ɗakin ba zai ɗauki biyun ba, a bar fanka a wurinta, a nemi fitilun bango masu ruwan zinariya guda biyu, su ma suna ƙawata ɗaki.

A NEMI MAI GYARAN WUTA NA GASKE

Jikin fitilar ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana ɗaukar wuta. Waya uku ya kamata su shiga cikinta: mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce abokiyarta, sai mai kore da ruwan ɗorawa wadda ke kai wuta ƙasa in an sami matsala. A tsofaffin gidaje za a tarar da ja da baƙa da koriya. Wannan ta ukun ita ce wasu masu gyara ke yankewa su ce ba ta da amfani, alhali ita ce ke tsare mai goge fitilar daga jan wuta. Ki sa maigida ya tsaya ya ga an haɗa ta. Kada a bar wa yaron gida wannan aiki don kawai ya iya gyaran tocila.

Wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Kayan da aka yi domin Amurka na bolt 120 ne, saboda haka in wani ya aiko muku da fitila daga can, a duba abin da aka rubuta a jikinta da jikin ƙwanta kafin a kunna. A kuma duba wayoyin cikinta. In siraran gaske ne kamar zare, a sa mai gyara ya sauya su. Waya mai zafi a cikin silin ita ce mafarin gobarar da ba a gani sai ta ci rufi. Rigakafi ya fi magani.

ƘWAI DA KUƊIN WUTA

Har yanzu bakinmu bai daina cewa NEPA ba, ko da yake tun 2005 aka sauya wa hukumar suna, kuma a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Gidajen da aka sa wa mita mai kati sun san cewa kowane ƙwai da aka kunna kuɗi ne ke tafiya. To, bari mu yi lissafi.

A ce fitilarki mai ƙwai 8 ce, kin sa mata tsohon ƙwai mai zare a ciki, na wat 40 kowanne. Wat 320 ke nan. In tana kunne awa 5 kowane dare, a wata guda ta sha yunit 48. In kuwa ƙwan zamani na LED kika sa, mai wat 5, wanda haskensa ya yi kusa da na wancan, duka takwas ɗin wat 40 ne, a wata yunit 6 kacal. Dubi tazarar: 48 da 6. Dalili shi ne tsohon ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zafi yake mai da ita, kaɗan ce ke zama haske. Wannan zafin ne ke ƙona roba, ya dusar da ruwan zinariya, ya kuma ƙara wa ɗaki zafi. Gidan da ke amfani da ƙaramin janareta ko sola ya fi kowa bukatar kula da wannan, domin wat 320 kan fitila guda ya isa ya hana fanka da talabijin aiki.

A jikin kwalin ƙwai za ki ga wata lamba da aka rubuta lumen a gabanta, ita ce ma'aunin haske. Tsohon ƙwai mai wat 40 yana ba da lumen 450 ko kusa, mai wat 60 kuma kamar 800. Falo mai ƙafa 14 da 12, ƙwai 6 masu lumen 450 sun wadatar da shi. Ba sai mai rassa 18 ba.

Akwai kuma wata lambar mai harafin K a ƙarshe, ita ke nuna launin hasken. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ja-ja ne kamar na fitilar ƙwai, shi ne ke fito da kyan ruwan zinariya. Mai 6500K fari ne fat har da shuɗi-shuɗi, yana sa zinariya ta yi fari-fari kamar ba ita ba. Mai 4000K yana tsakiya, kuma ya dace da ɗakin da ake hira ake kuma karatu a ciki.

Ki duba mazaunin ƙwan kafin ki biya. Akwai mai 'yan ƙusoshi biyu da ake dannawa a juya, akwai mai murɗawa babba, akwai mai murɗawa ƙarami mai siffar kyandir. Ki tabbata irin naki ana samunsa a shagon unguwa. Har ila yau akwai wasu fitilu na yayi da ba su da ƙwai sam, haskensu a manne yake a jikinsu, ana sauya launi da rimot. Suna burge ido, amma in ɗan injin cikinsu ya ƙone saboda wuta ta yi sama ta yi ƙasa, sai an sami irinsa daidai, in ba a samu ba kuwa fitilar ta zama ado mara haske. Mai ƙwan da ake cirewa ta fi rufin asiri. Ki kuma sa a raba mata makunni biyu, yadda za ki kunna rabi kullum, ki kunna duka ranar baƙi.

INA YARA ZA SU YI KARATU?

A matsayina na malama, wannan ne ya fi damuna. Sau da yawa yarinya takan zo aji da aikin gida a karkace, layi ya hau layi, in ka bincika sai ka tarar a falo ta yi shi, a kwance a ƙasa, fitila na can sama bayan kanta, inuwarta ta rufe littafin. Fitila mai rassa an yi ta ne ta watsa haske sama da gefe, musamman wadda kofunanta ke kallon rufi. Ba ta isa karatu ko ɗinki ko tsintar shinkafa ba. Karatu cikin ƙarancin haske yana gajiyar da ido, yana kawo ciwon kai da barci, yaro ya tsani littafi ba tare da an san dalili ba.

Saboda haka in ɗaki ɗaya ne ake komai a cikinsa, ki zaɓi wadda kofunanta ke kallon ƙasa. Kuma ko wace iri kika saya, ki ware wani abu daga kuɗin ki sayi fitilar tebur mai caji ko ta sola, wadda za ta yi aiki ko an ɗauke wuta. A ajiye ta gefen hagu ga mai rubutu da dama, gefen dama ga bahaguwa, don kada inuwar hannu ta faɗa kan takarda. Iyayenmu da aci-bal-bal da fitilar ƙwai suka yi karatun allo, amma kusa da allon suke ajiye ta. Sun san inda haske ke da amfani.

SHARA DA GOGE-GOGE

Ƙasarmu ƙasar ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu zai lulluɓe kowane dutse na jikin fitilar, da damina kuma ƙwari su bi haske su mutu su cika kofunan. Fitila mai duwatsu 200, guda 200 za ki goge. Kafin ki saya ki tambayi kanki wa zai hau tsani, kuma sau nawa a shekara. Fitila mai sauƙin ƙira da ke da tsabta ta fi mai tarin ado da ta yi butu-butu.

Ranar gogewa a kashe makunni, in da hali a kashe wutar gidan daga babban makunni, a bari ƙwai su huce. A shimfiɗa bargo a ƙasa saboda abin da zai suɓuce. A yi amfani da tsumma mai laushi da aka tsoma a ruwa mai ɗan sabulu aka matse sosai, a bi da busasshe, kuma kada ruwa ya shiga mazaunin ƙwai. Toka da tsamiya da lemun tsami da muke wanke kayan tagulla da su, da soson ƙarfe, duk kada su kusance ta, domin ruwan zinariyar bai kai kaurin fatar albasa ba, shafa ɗaya za su kwashe shi. Kuma kada a riƙa juya fitilar don a kai ga ɗaya gefen. A sauka a matsar da tsani, domin juyawa na kwance ta daga mariƙinta, tana kuma murɗe waya. Mai juna biyu da ƙananan yara kada su hau.

MAGANAR KUƊI

Daga ƙarshe, ina kira ga iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki. Kun san yadda ake ciki: gado, kujeru, labule, kayan kicin, ga gara na jira. Kada a ci bashi ko a kwashe adashin shekara saboda an ga fitila a ɗakin 'yar wance. Wanda ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. In an yi lissafin kuɗinta, a haɗa da na ƙwai, da na mai gyaran wuta, da na ƙugiya, kana a san ainihin farashinta.

Ku kuma tuna da bambancin nan. Ɗan kunne ko zobe na zinariyar gaske dukiya ce, ranar da yarinya ta shiga matsi za ta iya kai shi kasuwa ta fita kunya. Fitila mai ruwan zinariya kuwa daga ranar da aka rataya ta darajarta ta fara raguwa. In kuɗin ɗaya kawai zai iya saye, kun san wanda ya fi yi wa 'yarku amfani. In kuwa Allah ya hore, a saya, a zaɓi mai kyau daidai ɗakin, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne. A sa mai shago ya kunna ta a gabanku, a ƙirga duwatsunta, a karɓi rasit, a kuma yi magana a kan musaya in an je gida an tarar da aibi.

Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani a kan wannan batu sai ta rubuto mana ta hannun Edita, za mu buga a wannan fili. Allah ya haskaka gidajenmu da zaman lafiya, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.